Hawan Gemun Tsoho

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya kafa duwatsu ya ajiye sanyi a kansu, ya ba bawa ƙafafu bai nuna masa inda za su kai shi ba. Ni ne Tunau ɗan Arzika, maginin rijiya, jikan magina rijiya, mutumin Tsamiyar Gulbi a ƙasar Kwargaba. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, da ƙafata na taka shi, kuma babu ko ɗaya a cikinsa da nake alfahari da shi.

Mu biyu mahaifinmu ya bar wa sana'a, ni da yayana Nomau. Shi ke shiga rami, ni ke riƙe igiya a baki. Haka muka yi shekara ashirin, har lokacin da ruwa ya fara gudun garinmu. Gugan da ke fitowa cike ya koma fitowa da rabi, daga rabi sai laka, daga laka sai ƙarar guga a kan dutse. Muka haƙa sababbin rijiyoyi tara, kowacce ta wuce gaba talatin, babu wadda ta jiƙa wa Yaya ko tafin ƙafa. Matarsa Hakama kan fita da tulu tun asuba, ba ta dawowa sai la'asar sakaliya, da abin da bai isa a yi tuwo a yi alwala ba. Mutane suka daina ce mana sannu da aiki. Ba zagi, ba gori, sai dai in mun wuce a yi shiru.

Wani falke da ya yada zango a garin ne ya ba mu labarin ƙasar Sarma, can arewacin arewa, a kan tudun da gajimare ke wucewa ta ƙarƙashinsa. Ya ce akwai wata tsohuwa a can mai suna Walmi, wadda ke sanin inda ruwa yake kwance a cikin ƙasa da zurfinsa, kuma tana koya wa duk wanda ya isa gare ta. Yaya ya tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda ya koyo. Ya ce a'a. Duk da haka, bayan kwana uku muka ɗaure kaya.

Wata bakwai muna tafiya. Muka ratsa Barkuma, inda gishiri ke tsirowa kamar ciyawa yana yanka kofaton jaki. Muka haye tekun Ulma a jirgin fata. Jakinmu ya mutu a wata na biyar. Daga nan rana ta fara ƙanƙancewa, ta fito a makare, ta bi gefen sama a sunkuye, ta faɗi tun mutum bai ji ɗuminta ba.

A ƙauyen Undal hanya ta ƙare. Muka sauka gidan wata maƙeriya mai suna Marsuka, mace mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Wata biyu muka yi muna yi mata zuga muna tsintar harshensu kafin ta yi mana bayani.

Ta ce, "Sarma a kan dutse take, dutsen kuwa sumul yake ta ko'ina, ko ƙadangare ba ya kama shi. Kafa ɗaya ce, inda kogi ke zubowa daga sama. Lokacin ɗumi ko kusa da shi ba a zuwa. Amma in sanyi ya kai maƙura, kogin yakan daskare a tsaye yadda yake zubowa. Shi ake hawa. Gemun Tsoho muke ce masa."

Yaya ya ce, "Inna, kwana nawa ne?"

"Uku kafin ku isa gindinsa, ba gida, ba hayaƙi. Huɗu a jikinsa, in ya bar ku."

Ta ƙera wa kowannenmu gatari biyu masu lanƙwasasshen baki kamar na shaho, da haƙoran ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, da ƙusoshi goma sha biyu masu tsawon taƙi, kowacce da zoben zura igiya. Ta ba mu igiyar gashin shanunsu da safar hannu ta fata, ta koya mana sara da taku a wani gangare a bayan gari. Ta ce shuɗiyar ƙanƙara tana riƙe mutum, fara mai kumfa ruɓaɓɓiya ce, wadda kuwa ta fara kuka mu bar ƙarƙashinta ko me muke yi.

Na ce, "Inna, ba za ki raka mu ba?"

Ta ce, "Mijina ya hau, ɗana ya hau. Ni ƙira nake yi."

"Sun sauko?"

"Mijina ya sauko," in ji ta, ta koma kan aikinta.

Rana ta biyu da barin Undal muka hau wani tafki da ya daskare, faɗinsa tafiyar yini. Ƙanƙararsa garau take kamar kwalba, da wasu manyan fararen kumfa a cikinta kamar an kife fayafai. Muna tsakiyarsa fararen kyarketai suka fito mana, sun kai goma sha biyar, haƙarƙarinsu a waje. Biyu suka fizge buhun guzurin da muke ja suka yaga shi, sauran suka kewaye mu suna matsowa taku-taku. Na ɗaga gatari.

Yaya kuwa ƙasa yake kallo. Ya ce, "Tunau, ka tuna rijiyar gidan Sarkin Fawa, da iskar cikinta ta kama da wutar fitila? Kumfan nan irin iskar ce. Fito da ƙyastu."

Ya durƙusa ya kafa ƙusa a kan mafi girma, ya doka da bayan gatari. Iska ta feso da huci. Na ƙyasta sau ɗaya, sau biyu, a na uku shuɗin harshen wuta ya tashi daga cikin ƙanƙara yana ruri, ya fi mutum a kan raƙumi tsawo. Kyarketan suka watse suna zamewa suna faɗuwa a kan juna. Muka bi kumfan muna hudawa muna kunnawa har gaɓa. Gashin girar Yaya duk ya ƙone. Na dube shi na tuntsire da dariya, shi ma ya yi har ya riƙe ciki. Ita ce dariyarmu ta ƙarshe. Da muka duba buhun, rabin guzuri ya tafi.

Ranar da muka shiga kwazazzabo muka ga Gemun Tsoho, zama na yi a ƙasa ba da niyya ba. Kogi ne sukutum, faɗinsa ya kai kasuwar garinmu, rataye daga cikin gajimare, ginshiƙi a kan ginshiƙi, shuɗi da fari, kuma shiru. Shirun ne ya fi ba ni tsoro.

Na ce, "Yaya, mu koma."

Ya ce, "Mu koma mu ce wa Hakama me?"

Sai na ɗaura igiya a ƙugu.

Shi ke gaba, yana sara yana hawa yana kafa ƙusa, ni ina sakar masa igiya kaɗan-kaɗan. In ta ƙare ya ɗaure kansa ya kira ni, in hau ina cire ƙusoshin. Ɓarɓashin da yake sarewa yana zubo mini a fuska har leɓena ya fashe. Hannu kuwa, da yake kullum yana sama da kai, jini kan janye ya bar shi a mace. In ka sauke shi jinin ya dawo, zafin kan sa ƙato ya yi kuka ya yi amai. Abincinmu dunƙulen gari da kitse ne, sai an sa shi a hammata ya yi laushi kafin haƙori ya kama shi. Salla a zaune muke yi, a ɗaure da ƙusa, da taimama inda muka sami dutse. Kwana biyu haka. Na daina duban ƙasa tun ranar farko, na daina duban sama a ta biyu, don saman ba ya matsowa.

Rana ta uku da hantsi iska ta juya. Ta zo da ɗumi, har na ji daɗinta a kumatuna, Allah ya yafe mini. Can sai na ji wani siririn sauti daga cikin ƙanƙarar, kamar kukan jinjiri a ɗaki mai nisa. Yaya yana sama da ni da kamar gaba goma sha biyar, a tsakiyar wani ginshiƙi, ba dama ba hagu.

Na yi ihu, "Yaya, tana kuka! Sauko!"

Ya ce, "Na ji. Saura kaɗan in kai..."

Bai ƙarasa ba. Ginshiƙin ya tsinke daga sama ya taho da shi. Ƙusa ta farko ta fita, ta biyu ta fita, ta uku ta riƙe. Igiyar ta fizge ni ta buga da bango har na ga duhu. Da na farfaɗo, Yaya yana lilo a ƙasa da ni, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Inda ginshiƙin ya ɓalle ya bar kafa, ta nan na ga ashe akwai fili tsakanin ƙanƙarar da dutsen, kamar bayan labule, da wani ɗan kogo mai faɗin tabarma. Rabin yini na yi ina jan Yaya zuwa cikinsa, taƙi-taƙi. Wurin ba iska, amma ragowar kogin yana raye a can ciki, yana tsiyaya yana feshi, feshin kuwa duk inda ya sauka sai ya daskare.

Na ɗaure masa ƙafar da ƙotar gatari. Da na taɓa ɗayar na tambaye shi ko yana ji, ya ce a'a. Na matsa da ƙarfi. Bai ji ba.

Na ce, "Zan sauke ka, Yaya. Igiya bayan igiya, har ƙasa."

Ya ce, "Da ƙusa nawa?"

Biyar suka rage.

"In ma ka kai ni ƙasa, sai ka goya ni ka ratsa tafkin kyarketai? Sama ta fi kusa. Akwai mutane a can, sun san dutsen nan. Je ka kira su."

"Ban taɓa barin ka a rami ba."

"Ba bari na za ka yi ba, aike ne. Ni ne babba, na aike ka." Ya mai da numfashi. "Kada ka fita waje, ƙanƙarar ta ruɓe. Dubi nan sama. Dutse a baya, ƙanƙara a gaba, tsakaninsu bai fi bakin rijiya ba. Bayanka a ɗaya, ƙafarka a ɗaya. Ka sha ganin ina yi."

Na kafa ƙusa biyu na ɗaure shi kada ya zame, na lulluɓe shi da bargona a kan nasa. Ya miƙo mini guzurin, na faki idonsa na ajiye a gefensa. Ya kama wuyan hannuna ya ce, "In ka ga tsohuwar, ka koya da kyau. Kai ka fi ni riƙe abu." Na ce to. Ban iya ƙara komai ba, har yau kuwa ina neman abin da ya kamata in ce.

Na shiga ramin na fara turawa sama, baya a dutse, haƙoran takalmi a ƙanƙara, ruwa yana zubo mini ta wuya. Da farko ina kiran Yaya yana amsawa. Daga baya ina kira ina jin wani abu kamar amsa. Daga baya sai muryata kaɗai. Rigata ta jiƙe ta daskare ta zama kamar ƙyaure. Washegari ramin ya tsuke, safar hannuna da ta zama dunƙulen ƙanƙara ta ƙi kama komai. Na cire ta da haƙori na riƙe a baki, na kama dutse da yatsu tsirara. Da tari ya zo mini, safar ta faɗi. Na yi fatan ta sauka kusa da Yaya ya san ina raye. Yatsun suka yi zafi, suka yi fari, sannan suka daina damuna, na kuwa yi murna da haka saboda jahilci.

Da la'asar na fito ta wani rami a saman kogin ina jan ciki. Wasu mata masu ɗibar ruwa suka gan ni. Da guntun harshen Undal na ce musu, "Yayana, ƙasa, bayan ƙanƙara, yana da rai."

Mutanen Sarma ba su yi jinkiri ba, wannan zan shaide su har gaban Allah. Maza shida suka ɗauki igiyoyi suka sauka ta ramin da na fito. Bayan kwana biyu suka dawo, su shida. Babbansu ya durƙusa kusa da shimfiɗata ya ce sun same shi a zaune yadda na ɗaure shi, amma feshi ya rufe kogon, ƙanƙara ta hau kansa ta fi kamu biyu kauri. Sun gan shi sarai ta cikinta, idonsa a rufe. Sun fara sara, sai labulen duka ya kama kuka, dole suka bari. Ya ce guzurin yana gefensa, bai taɓa ba.

'Yar ƙaramar tsohuwar da ke jinyata ita ce Walmi, ban sani ba sai da aka kira sunanta. Ita ta kwance tsumman hannuna. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi, suna wari. Ta sa aka riƙe ni, ta yanke bakwai da wuƙa mai zafi. Manyan yatsu biyu suka tsira, da ƙaramin hagu.

Da na warke na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kai ni bayan gida, ta share dusar ƙanƙara, ta ɗora kan yatsunta uku na tsakiya a ƙasa, ta rufe ido.

Ta ce, "Nan akwai ruwa, tsayin mutum huɗu, yana tafiya gabas. In yana motsi ƙasa tana rawa da shi, rawar kuwa a nan kaɗai ake jin ta." Ta nuna mini kan yatsunta. "Ba karatu ba ne, ɗan nan, da zan faɗa maka ka riƙe. Yatsu nake ɗorawa a kan yatsu har mutum ya ji."

Na dubi abin da ya rage a hannuwana. Na ce, "Iya, a gwada da babban yatsa."

"Fatarsa ta yi kauri."

"Da tafin hannu. Da goshi. Da harshe ma, Iya, in zai yiwu."

Ba ta yi mini gardama ba. Kullum da hantsi takan fita da ni, ta danna dungulmin hannuna a ƙasa ta ce, "Ka ji?" Wani lokaci nakan ce na ji, sai ta kai ni inda babu ruwa ta sake tambaya, in sake cewa na ji. Ranar da ta kama ni karo na uku ba ta yi faɗa ba, ta dai riƙe hannun a cinyarta ta daɗe tana shafawa. Na roƙi waɗanda ta koya wa, su huɗu, ko ɗaya zai bi ni Kwargaba. Duk masu iyali ne, ba wanda ya taɓa jin sunan ƙasarmu. Suka sunkuyar da kai, ban kuwa ga laifinsu ba. Mazan gari suka ce in sanyi ya dawo za su sauke ni da igiya har gindin dutse. Sanyi ya dawo sau goma sha ɗaya, kowace shekara sukan zo su tambaye ni, ni kuwa in ce sai baɗi. Ban san ko akwai sauran mai kwana a garinmu ba.

A shekarar farkon nan, da rana ta fara tsawo, wata safiya na ji ganguna. A Sarma ranar faɗuwar Gemun Tsoho ranar biki ce, don daga ita ciyawa ke fitowa, a saki dabbobi. Gari duka ya tafi bakin dutse da sababbin tufafi, ana raba nama, 'yan mata suna waƙa. Na bi su. Kogin ya yi ta kuka tun hantsi. Wajen azahar ya yi wata ƙara da na ji har cikin haƙorana, sai gemun duka ya saki dutse ya tafi, hawa bayan hawa, farin tururi ya taso daga kwazazzabon ya rufe rana. Mata suka ɗauki guɗa.

Na matsa gefe, na nemi alƙibla iyakar sanina, na tsaya. Ba wanka, ba likkafani, ba kabari, ba sahu. Na ɗaga dungulmin hannuwana na yi kabbara. Ganguna suna tashi, ruwa ya fara zubowa a inda ƙanƙara take. A kabbara ta uku na ji motsi a bayana. Walmi ce ta baro biki ta tsaya inda ta ga ya dace. Ba ta san abin da ake faɗa ba, ba ta kuma tambaya ba. Na yi ta huɗu, na yi sallama.

Ta ce, "Ka gama?"

Na ce, "Na gama, Iya."

Ta kama gefen rigata, don ƙasa ta yi santsi, muka juya muka nufi gida a hankali.